Babur ɗinka ne, to kunnen fa na wa ne?

Akwai wani aiki da samarin garinmu ke sa kanikawa su yi wa babur, wanda ba za a kira shi gyara ba, tunda babu abin da ya lalace. A kwance salansa a kai wa mai walda, ya farke ta, ya zaƙulo 'yan bututu da farantan ƙarfe masu huji da kamfani ya jera a ciki don su shanye ƙara, sannan ya mayar ya liƙe. Wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi ba ya tsayawa nan. Sai a sauya masa bulo da fistin zuwa masu faɗi, a buɗe wa kafireta hanyar mai, a canza farantin kaca na baya zuwa ƙarami don babur ya riƙa miƙewa a kan kwalta. Ɗan roba-roba ne fa, wanda aka ƙera don malamin firamare ya isa makaranta ko maigida ya kai iyalinsa awo. Amma in ya taso daga wajen Rano da daddare, tun yana nesa muke jin sa a nan Rurum Tsohon Gari, duwatsu suna maimaita masa, har ya wuce ya nufi Tiga ba mu daina jin sa ba.

Kwanakin baya maganar ta taso a zauren da muke karatu bayan isha'i. Wani malami daga cikinmu, mutumin kirki wanda abin ya daɗe yana damunsa, ya ce haramun ne, kuma hujjarsa ita ce canza halittar Allah, ya jawo ayar Suratun Nisa'i. Ban yarda da hujjar ba, ko da yake ni ma ƙarar ta hana ni barci kamar yadda ta hana shi. Ayar tana magana ne kan abin da Shaiɗan ya sha alwashin sa mutane su yi, irin tsaga kunnuwan dabbobi don camfi da jirkita abin da Allah ya halitta. Babur kuwa aikin hannun ɗan Adam ne. Jincheng a birnin Nanjing na ƙasar Sin aka ƙera shi, Lifan a Chongqing, Boxer kuma kamfanin Bajaj na Indiya ne. In taɓa abin da mutum ya ƙera laifi ne, to telan da ya rage wa riga hannu ya shiga ciki, haka maƙerin da ya mayar da sifirin ɗin mota adda. Mu da muke zaune a gefen madatsar Tiga ma ba mu da bakin magana, domin tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Baƙo, an tare Kogin Kano ɗungurungum an juya masa hanya, kuma da ruwan nan ake noman rani har Kadawa da Kura, ba wanda ya ce an saɓa wa Allah. Abin da nake tsoro game da hujja mai rauni shi ne, ranar da yaro ya gano rauninta, da ita da hukuncin gaba ɗaya zai haɗa ya watsar.

Hasali ma ƙara wa abin hawa ƙarfi yana da asali a Sunna. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, da Bukhari, Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin tseren dawaki da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya a Madina. Dawakin kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka hora, wato aka ciyar da su suka yi ƙiba, sannan aka rage musu abinci aka lulluɓe su suka yi ta gumi har kitsen ya narke suka zama tsoka zalla. Waɗannan aka sa su gudu mai nisa, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Waɗanda ba a hora ba aka ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ɗan Umar kansa yana cikin mahayan. Wannan horon ba wani abu ba ne illa sarrafa doki don ya fi yadda yake gudu. Amma a duba yadda aka tsara shi. An san inda za a tashi, an san inda za a tsaya, kuma an auna zango da ƙarfin dokin. Mu ma da muke hawan Sallah a Rano mun gāji irin wannan tsari: sukuwa tana da fili da lokaci, kuma ko ɗan sarki ne ba ya sakin linzami a tsakiyar kasuwa.

Saboda haka ni tambayar da nake gani ta wuce halaccin taɓa inji. Ɗan ƙanena, wanda ya yi noman rani ya sayar da tumatur ya sayi nasa roba-roban, shi ya faɗa mini ita a baki ba tare da ya sani ba. Na kira shi na yi masa magana kan salansarsa, ya durƙusa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, amma ai da gumina na saya. Ba na kowa na taɓa ba." Gaskiyarsa rabi ce, kuma rabin nan mai ƙarfi ne. Musulunci ya girmama dukiyar mutum, ba a taɓa ta sai da yardarsa. In ya ga dama ya yi wa babur ɗin fenti ruwan ɗorawa, ya manna masa hoton gwaninsa na ƙwallo, ya rataya masa geza, ba ruwan kowa. Sai dai fenti yana tsayawa a jikin babur. Ƙara ba ta tsayawa. Tana tsallake katanga ta shiga ɗakin mai jego da ta sha wahala kafin jariri ya yi barci, ta tashi tsohon da hawan jini ya hana shi runtsawa sai goshin asuba, ta yanke wa liman Fatiha a sahun da ke bakin hanya. Yaron bai nemi izinin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba shi da abin da zai biya su da shi.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da zama a kan irin wannan. Tushen shi ne hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa, wanda duk ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una ta Nawawi, shi ne na 32. Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a 1426, ya ware fasali guda a Tuhfa kan cutar da maƙwabci, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan Kano. Misalan da ya kawo duk na abin da mutum ya yi ne a cikin mallakarsa: ya gina tanderu hayaƙi ya dami maƙwabci, ya buɗe ƙofa tana leƙa gidan wani, ya yi masussuka ƙaiƙayi yana tashi yana faɗawa gidan mutane. Filin nasa ne, kuɗin nasa ne, amma duk da haka ana hana shi in cutar ta tabbata.

Don a yi adalci, game da ƙara ita kaɗai malaman sun yi saɓani. Da yawansu ba su yarda a tashi maƙeri ko mai bugun tufafi daga sana'arsa ba don kawai guduma tana damun maƙwabta. Na daɗe ina jin daɗin wannan sassauci, domin malaman da suka san yunwa ne kaɗai za su yi shi. Injin niƙan da ke unguwarmu ya fi kowace salansa ƙara, ba kuma wanda ya taɓa kai ƙararsa wurin mai unguwa, saboda kowa ya san tuwon darensa ta nan yake fitowa. Ana haƙuri da ƙarar da ke biye da abinci. To salansar da aka farke, wa take ciyarwa?

A nan ne samarin ke cewa tana ƙara ƙarfi. Na zauna da bakaniken da nake kai wa nawa babur, mutum ne da ya fara koyon aiki tun zamanin Suzuki da Besfa, kuma abin da ya faɗa mini ya yi daidai da abin da na karanta. Maganar tana da asali, amma asalin na wani irin inji ne daban. Tsofaffin baburan nan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, irin Jincheng ɗin da 'yan acaɓa suka cika Kano da shi, injinsu mai bugu biyu ne. Baƙin man da suke ƙonawa yana taruwa ya toshe salansa, babur ya riƙa nishi ya kasa hawa tudu. Sai bakanike ya cire ta ya ƙona ta a wuta ya kakkaɓe gawayin, babur ya dawo kamar sabo. Daga nan mutane suka ɗauka duk abin da ke cikin salansa maƙiyin inji ne. Kuma gaskiya ne a irin wannan inji salansa wani ɓangare ne na ƙarfinsa. Wani injiniya a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware wajen ƙera salansa mai tumbi wadda ke sa iskar da ta fita ta dawo ta tura man da ya tsere ya koma cikin inji. A 1961 mahayinsa Ernst Degner ya gudu ya bar ƙasar ya koma Suzuki, shekara ta zagayo ya ci musu gasar duniya ta ƙananan babura. Amma Kaaden lissafi ya yi, ya auna tsawo da faɗi da kusurwa. Bai ɗauki kurfi ya huda ba.

Roba-roba da Boxer na yanzu injinsu mai bugu huɗu ne, yana da bawul da ke buɗewa da rufewa a kan lokaci. Roba-roban nan jikokin Honda Super Cub ne da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, babur ɗin da zuwa 2017 an yi sama da miliyan 100 nasa, kuma sirrinsa ke nan: ƙaramin inji, ɗan mai kaɗan, shiru, da juriya. In ka farke wa irin wannan salansa ba ka taɓa komai ba, abin da ka samu na ƙarfi bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma jan da yake da shi a ƙaramin gudu raguwa yake yi. Iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa zafi, fulogi ya yi fari, in aka daɗe bawul ya ƙone. In kana so ka tsare shi daga haka dole ka buɗe wa kafireta hanya, wato ka ƙara shan mai. Ko da an yi aikin gaba ɗaya an samu ƙarin ƙarfi na gaske, iska ba ta bari a ci riba: kafin babur ya ninka gudunsa na ƙarshe sai ƙarfin injinsa ya ninku kusan sau takwas. Wanda ya ƙara kashi 10 cikin 100 na ƙarfi, gudun da ya ƙaru masa kusan kashi 3 ne kacal. Yaron da ke kai yana jin kamar yana tashi sama ne saboda kunnensa ya cika, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba a taɓawa. Ban taɓa jin saurayi ya je gareji ya ce a ƙara masa birki ba. Ana ƙara fistin, ana rage farantin kaca, amma birkin nan na cikin gangar taya yana nan yadda kamfani ya auna shi da ƙaramin gudu, tayar ma wataƙila ta gama cinyewa. Lissafin tsayawa kuwa ba shi da tausayi. Daga gudun kilomita 40 a awa zuwa 60, tazarar da birki ke buƙata ta fi ninki biyu. Daga 40 zuwa 80 ninki huɗu ce. Hanyarmu kuma ba tamu kaɗai ba ce. Shanun Fulani suna tsallakawa su sha ruwa, amalanke tana tafe da dare ba fitila, yara suna fitowa daga makarantar allo a guje, awaki kuma ba su san dama da hagu ba.

In ka faɗi haka sai a ce maka ai ajali ne, in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma ban ga inda imani da ita ya ɗauke wa mutum alhakin hannunsa ba. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya yi imani da ƙaddara fiye da ni, a farkon littafinsa Risala ma ya shimfiɗa ta, kuma a cikin Risalar ce dai ya ce mai kora dabba da mai janta da mai hawanta duk suna ɗaukar lamunin abin da ta tattake. Bai ce jaki ya taka yaro don kwanansa ya ƙare ba, a watse. Ya ce a biya. In haka ne ga dabbar da ke da nata rai da nata taurin kai, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai an murɗa masa totur, wanda kuma mai shi ya je da ƙafarsa ya biya kuɗi aka ƙara masa gudun da birkinsa ba zai iya riƙewa ba? Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A kan titi ba haka abin yake ba, sau da yawa wanda ya ɗebo ya tashi da ƙujewa, wanda ake kwasa zuwa wurin mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala wata tsohuwa ce da ta fito sayar da daddawa.

Ba na so a ɗauka duk wanda ya taɓa injinsa ɗan iska ne. Akwai manomin da ke ɗora wa Boxer buhun masara biyu daga gona, a hanyar da damina ta cinye. Shi farantin kaca babba yake sawa, ya sayar da gudu ya sayi ja, domin abin da yake nema shi ne ya hau tudu ba tare da ya sauka ya tura ba. Akwai mai kifin da ke tasowa daga bakin dam da sassafe yana son ya isa kasuwa kafin rana ta taɓa kayansa. Akwai ɗan acaɓan da injinsa ya tsufa aka yi masa sabon bulo da ringi, domin tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, a garuruwa irin namu da Kibiya sana'ar ta ci gaba, kuma mutane da dama da ita suke riƙe da gida. Waɗannan duk sun canza abin da kamfani ya yi, kuma ban ga laifinsu ba. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya farke salansa. Wanda ke neman abinci da babur ya fi kowa son ya ji motsin injinsa, don ya gane ranar da wani abu ya fara kwancewa.

To me saurayin yake saya da kuɗinsa, in ba ƙarfi ba? Ina jin so yake a san ya wuce. Na faɗi haka ba da raini ba. Yaro ya gama sakandare ba aiki, gonar gado an raba ta har ta zama kamar tabarma, a zaure ba a tambayar ra'ayinsa, a taron siyasa ana kiransa ne kawai ya cika fili. Ranar rakiyar ango ce kaɗai gari ke juyowa ya kalle shi, in ya ɗaga tayar gaba 'yan mata suka yi shewa. Kakansa da doki ya yi wannan, ko da dambe bayan kaka, ko da gayyar noma inda ake kiɗa wa wanda ya fi kowa cin kunya. Waɗancan duk suna da fage da alƙalai da dattawan da ke cewa ya isa. Shi ba mu ba shi fage ba, muka bar masa kwalta da tsakar dare. Son a gan ka ba sabon ciwo ba ne, malaman tasawwufi sun cika littattafai da shi, kuma mu masu rawani da manyan riguna ba mu tsira daga gare shi ba, namu dai ba ya hana kowa barci. Luƙmanu da yake yi wa ɗansa wasiyya, a aya guda ya haɗa masa daidaita tafiya da sassauta murya, kuma kafin nan ya hana shi taƙama a bayan ƙasa. Uba ne yake magana da saurayi, ya kuma san abubuwan nan uku tare suke zuwa.

Da za a tambaye ni, da na ce hakimi da dagatai su nemi fili a bayan gari, ko sau ɗaya a wata, a shata zango, a sa hular kwano, a duba birkin kowa kafin ya shiga, wanda ya ci a yi masa kirari. Na san za a ce na buɗe ƙofar ɓarna. Ƙofar a buɗe take tun tuni, kuma ta bakin gidana ta bi.

Wa'azina dai bai sa ɗan ƙanena ya gyara komai ba. Abin da ya sa shi ya gyara ya zo ne daga Abuja. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Bakaniken nan nawa ya ce mini dama shi ba ya zubar da tsofaffin salansa masu lafiya, yana tara su a bayan rumfa, don ya san masu su za su dawo. Yaron ya fara zuwa ne a matse masa kafireta kawai, ya bar salansar a farke, bai daɗe ba inji ya fara zafi yana tari. Bakanike ya ce masa ya zaɓa, ko mai ko ƙara, ba za a ba shi duka biyu ba. Ya zaɓi mai.

Da ya zo gaishe ni, yana murmushi ya ce, "Baffa, to yanzu da na daina damun mutane, ina da lada?" Na ce masa malaman usulu sun bambanta: wanda ya bar abin da aka hana ba da niyyar komai ba, ya kuɓuta daga zunubinsa, amma lada sai wanda ya bari don Allah. Shi kuwa don gidan mai ya bari. Ya ɗan yi shiru, ya ce to ai ba a makara ba, tunda niyya ba ta shan mai, zai ƙulla ta yanzu. Na ce ya haɗa da sauya takalmin birkin baya, don na ji yana ƙugi tun daga kwanar masallaci.